Karatun ƙwayoyin cuta a cibiyar ACEGID

ACEGID cibiya ce ta binciken halittar ƙwayoyin cututtuka masu yaɗuwa da horas da ɗaliban mastas da digirin digirgir, tana cikin jami'ar Redeemer's a garin Ede, jihar Osun. Tana daga cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya ba tallafi a jami'o'in Afirka ta Yamma a 2014, kuma Farfesa Christian Happi ne shugabanta, haifaffen Kamaru, a Ibadan ya yi digirin digirgir ɗinsa kafin ya wuce Harvard.

Abin da ake koyarwa shi ne karanta rubutun halittar ƙwayar cuta, wato DNA ko RNA ɗinta, ko bairos ce ko bakteriya ko ƙwayar maleriya. Ɗalibi zai fara da aji, amma gaskiya karatun a lab yake, ya koyi ciro RNA daga ɗan jinin mara lafiya ba tare da ya gurɓata shi ba, ya yi gwajin PCR, wato ninka ɗan guntun halittar ƙwayar har ya isa a gane ta, ya saka a na'urar da ke jero harufan halittar, sannan ya koma kan kwamfuta ya kwatanta abin da ya fito da na wasu marasa lafiya, kuma a nan ne da yawa ke shan wuya don wanda ya karanta bayoloji ba lallai ya taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba. Mai digirin digirgir kuwa sai ya gano wani sabon abu da kansa, ya wallafa, ya kare shi gaban malamai.

Zazzaɓin Lassa ne ya fi nuna amfanin wannan horo. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gane cutar a 1969, ɓera ne ke ɗauke da ita. A 2018 masu kamuwa suka yi yawa fiye da yadda aka saba, hankali ya tashi ko ƙwayar ce ta rikiɗa ta koma bin mutum zuwa mutum. Masu binciken ACEGID da na asibitin Irrua a jihar Edo da abokan aikinsu na Amurka suka karanta halittar ƙwayoyin da aka ɗebo daga marasa lafiya, sai ga shi ba su yi kama da juna sosai ba, ma'ana yawancinsu kowa daga ɓera ya kwaso tasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga likitoci da nas-nas da ke tsaye kan marasa lafiya, kuma ya nuna cewa rufe hatsi da abinci da korar ɓera shi ne babban aikin.

A Maris 2020 cibiyar ta fitar da jerin halittar ƙwayar korona na farko a Afirka, daga samfurin wani ɗan Italiya da aka samu da cutar a Legas.

A Arewa akwai makamanciyarta a ABU Zariya, ita ta fi maida hankali kan cututtukan da aka yi watsi da su irin su ciwon barci, wanda Fulani makiyaya suka sani da sammore idan ya kama shanu.