Daga Fartanya Zuwa Deliget: Wa Ke Tsayar Mana da Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa?

A cikin adakar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, akwai wani gwangwanin alewa da yake ɓoye takardun da ba ya son gara ta taɓa: rasiɗin haraji, takardar gonar fadama, da katin jam'iyyar NPC mai hoton fartanya. In aka kawo masa zancen ɗan takara a zaurensa, nan Kaura Namoda, tambayarsa ba ta wuce biyu: "Ɗan wa na? Wa yas san gidansu?" Da an amsa masa waɗannan, sauran bayani ƙari ne. A kan wannan turba na tashi, kuma ko a jikina in an kira ni mai ra'ayin 'yan mazan jiya. Ina son shugaba mai asali, mai jin kunyar manya, wanda ba zai taɓa addini da sarauta ba, ba kuma zai wayi gari ya birkita wa mutane rayuwa da sunan gyara ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, shekara da shekaru ina jefa ƙuri'a, amma ban taɓa samun kaina a wurin da ake yanke wanda zan jefa wa ba.

Kada in yi wa tarihi ƙarya, a zamanin NPC ma ba a tambayi talaka ba. Tsarin majalisa ake yi, mutum wakilin mazaɓarsa kawai yake zaɓa, jam'iyyar da ta fi kujeru ta fitar da Firayim Minista. Sardauna Ahmadu Bello, wanda shi ne shugaban jam'iyya, ya zauna Kaduna, aka tura Abubakar Tafawa Balewa Legas, inda ya zama Firayim Minista a 1957. Hakimai da attajirai da malaman fada su ne ke nuna ɗan takara, 'yan NEPU masu kiran Sawaba suna ta kuka da haka, kuma suna da hujjarsu. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Wanda ya nuna maka ɗan takara a lokacin, ka san ƙofar gidansa. In wanda ya kawo ya yi abin kunya, shi za a kalla a masallacin Juma'a.

A 1979 na fara zaɓe, rana ɗaya da mahaifiyata, domin sai a wannan zango matan Arewa suka fara jefa ƙuri'ar tarayya. Jam'iyyar gidanmu NPN ce, mai gida da masara. Ita ta shigo da karɓa-karɓa cikin tsari: shugaban ƙasa daga Arewa, mataimaki daga Gabas, shugaban jam'iyya daga Yamma. A taron Legas na Disamba 1978 Shehu Shagari ya kara da Maitama Sule, Adamu Ciroma, Olusola Saraki, Joseph Tarka da Iya Abubakar. Da ya zo kan gaba a zagayen farko, na bayansa suka janye masa, kuma babu wanda ya yi fushi ya bar jam'iyya a daren. Shagari malamin makaranta ne da duk ƙasar Sakkwato ta san shi, saboda haka tambayar mahaifinmu ta sami amsa tun kafin a yi ta. Shehu Kangiwa ya zama gwamna a jihar Sakkwato, wadda a lokacin ta haɗa da Kebbi da Zamfara na yau. Sojoji suka rufe wannan babi a ranar ƙarshe ta 1983.

Zamanin Babangida ne na fara gane cewa hannun da ke tsayar da ɗan takara yana iya zama hannun da ba ya cikin jam'iyyar ma. Gwamnati da kanta ta haifi jam'iyyu biyu a 1989, ta raɗa musu suna, ta rubuta musu manufa, ta gina musu ofis a kowace ƙaramar hukuma. Aka ce SDP ta ɗan karkata hagu, NRC ta ɗan karkata dama, mu kuwa ba sai an gaya mana inda za mu ba. Ina tuna zaɓen gwamna na Disamba 1991, ƙato bayan ƙato. Aka kafe hoton ɗan takara a jikin bishiyar dalbejiya a filin firamare, kowa ya bi bayan nasa, malamin zaɓe yana tafe yana dafa kafaɗa yana ƙirga da ƙarfi. Wani tela maƙwabcinmu, tsohon ɗan NEPU, yana layin doki, alamar SDP, ni ina na NRC, muna hangen juna muna dariya. Yahaya Abdulkarim ya ci Sakkwato, Abubakar Musa ya ci sabuwar jihar Kebbi, duk a NRC.

Sai 1992 ta zo da abin da har yau yake mini ciwo. Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, ɗan ƙasarmu wanda garinsu ba shi da nisa da mu, yana kan gaba shi da Adamu Ciroma a neman tutar NRC, Shehu Musa 'Yar'Adua kuma ya yi nisa a SDP. Gwamnatin soja ta soke zaɓen fidda gwanin gaba ɗaya, ta haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Aka dawo da tsarin da aka kira Option A4, daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa. A Maris 1993 SDP ta fitar da Abiola a Jos, NRC ta fitar da Bashir Tofa a Fatakwal. Na jefa wa Tofa ne don jam'iyya, ba don na san shi ba. Ya ci Sakkwato da Kebbi, ya faɗi a Kano garinsu, ƙarshe ma aka soke zaɓen na 12 ga Yuni 1993. Na zamanin Abacha kuwa, da jam'iyyu biyar suka taru suka tsayar da mutum ɗaya a 1998, ba sai na ɓata tawada ba. Abin da muka tsira da shi a wannan mulki shi ne jihar Zamfara, ran 1 ga Oktoba 1996.

A 1999 APP ta kwashe Sakkwato, Kebbi da Zamfara: Bafarawa, Adamu Aliero, da Ahmad Sani Yariman Bakura, wanda ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban shekarar. Amma a sama manya sun riga sun gama magana cewa mulki Kudu maso Yamma za shi, don a share hawayen 12 ga Yuni. Taron APP a Kaduna ya fitar da Ogbonnaya Onu, kafin a ankara an ajiye shi gefe, an ɗauko Olu Falae na AD an ɗora a kan tutarmu, Marafa yana mataimaki. Zamfara ta zaɓi Falae, kuma kowa ya san albarkacin wa ya ci.

Daga 2003 sai muka bar bin jam'iyya muka koma bin mutum. A taron ANPP na Abuja 'yan takarar Kudu suka fice cikin fushi, Buhari ya ɗauki tuta. A ƙarshen 2006 Yarima da kansa ya janye masa. Buhari ya koma CPC muka bi shi, aka haɗa APC a 2013 muka bi shi, ya ce "sak" muka dangwala daga sama har ƙasa ba tare da mun dubi fuskar kowa ba. Ina cikin waɗanda suka kwana a rumfar zaɓe, a kasa, a tsare, a raka. Yanzu da na natsu, ina ganin a nan muka yi babban sakaci. Mun ba mutum ɗaya amanar da ya kamata mu ba tsari, muka bar ofisoshin jam'iyya na mazaɓa a hannun gwamnoni. Su kuwa gwamnonin, sauya sheƙa ya zame musu kamar sauya riga. Aliero ya koma PDP a 2007, Mahmud Shinkafi da muka zaɓa a ANPP bai gama wa'adi ba ya bi sahu.

Zamfara ce ta fi kowa shan kuɗar wannan sakaci. Rigimar fidda gwani ta 2018 tsakanin Gwamna Abdul'aziz Yari da su Sanata Kabiru Marafa ta hana APC yin zaɓen cikin gida da doka za ta karɓa. Aka shiga babban zaɓe a haka, ɗan takararta na gwamna ya sami ƙuri'a sama da dubu 500, Bello Matawalle na PDP bai kai dubu 200 ba. Ran 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'un APC duk asara ne, aka miƙa wa PDP kujerun. Tawa ƙuri'ar tana cikin na asarar. Bayan shekara biyu Matawalle ya tattara ya koma APC ɗin.

Zaɓen fidda gwani na 2022 shi ya fito da komai fili. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyya zaɓi uku, 'yar tinƙe, deliget, ko masalaha, ta kuma cire masu riƙe da muƙamai da tsofaffin shugabanni daga jerin masu jefa ƙuri'a kai tsaye, ya rage sai zaɓaɓɓun deliget. Fom ɗin APC naira miliyan 100, na PDP miliyan 40. PDP ta ɗauki mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma. Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku, aka tashi 371 da 237 na Wike. APC ta ɗauki uku-uku, wato Zamfara mai ƙananan hukumomi 14 da masu rajista kusan miliyan biyu, mutum 42 suka yi magana da yawunta, Kebbi kuma 63. Shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya ce Ahmad Lawan ne na masalaha, gwamnonin Arewa, ciki har da Atiku Bagudu na Kebbi da ke shugabantar gwamnonin APC, suka ce Kudu za a kai. Tinubu ya tashi da 1,271. Yarima, wanda ya yi shekara takwas yana gwamna a nan, ƙuri'a 4 ya samu. Jaridu sun yi ta ba da labarin dala a otal-otal na Abuja. Abin da na gani da idona shi ne wani yaro da ya je deliget daga yankinmu, ya dawo ya sake rufin ɗaki ya ƙara aure, kuma har yau ban sami wanda ya halarci taron da aka zaɓe shi ba.

Da zaɓe ya zo a Fabrairu 2023, Zamfara ta ba Tinubu, Kebbi ta ba Atiku Abubakar. Bayan sati uku Zamfara ta juya ta ba Dauda Lawal na PDP, Kebbi kuma, bayan an ƙarasa zaɓenta a Afrilu, ta ba Nasir Idris na APC. Ran rantsuwa aka ce tallafin mai ya tafi. Babu wanda ya zo ya tambaye mu wannan tun ana neman tuta, balle zancen gonakinmu na hanyar Shinkafi da muka daina zuwa saboda 'yan bindiga.

Kwanan baya wani ɗan abokina ya zo da littafin rajistar jam'iyya, ya durƙusa ya gaishe ni. "Baba, a sa sunanku? An ce a fara da dattawa." Na ce masa zan bayar, amma ya fara gano mini ranar da za a zaɓi deliget na mazaɓarmu, da wurin da za a taru, don in je in tsaya a layi. Ya yi shiru yana juya biro, ya ce zai tambayi ciyaman ya dawo. Kasuwa uku ke nan ta ci, ban sake ganinsa ba.