Me ake nufi da filatfoma, kuma yaya tsoffin wasanninsa suka shigo waya?

Duk wanda ya taɓa neman gem a rumbun manhajojin waya ya ci karo da rukunin da aka rubuta wa platformer, wato filatfoma. Asalin kalmar daga platform ne, wato dandamali. Wasa ne da kake sarrafa wani ɗan taliki yana gudu yana tsalle daga wannan dandamali zuwa wancan, rami ko ƙaya a ƙarƙashinsa, abokan gaba a gabansa. Ka yi tsalle da wuri ka faɗa, ka makara ma ka faɗa. In aka ƙara masa kalmar retro, to na da ake nufi, na shekarun 1980 da 1990, ko kuma sabo da aka yi wa kamannin na da.

Labarin yakan fara ne daga Donkey Kong, wanda Shigeru Miyamoto ya tsara wa kamfanin Nintendo na Japan a 1981. Wani ɗan gajeren mutum ne ke hawa tsani yana tsallake gangunan da goggon biri ke gangaro masa. Shi ne daga baya ya zama Mario. A 1985 Super Mario Bros. ya fito, duniyar wasan tana bin ka yayin da kake nausawa dama, kuma gaba ɗayansa bai wuce kilobayit 40 ba. Hoto guda da ka ɗauka da waya yau ya ninka shi sau da yawa. Sega, kishiyar Nintendo, kuma ta mayar da martani a 1991 da Sonic, shuɗiyar bushiya mai gudun tsiya.

To in wurin ajiya ba matsala ba ne wajen shigo da su waya, ina gizo ke saƙar? A babban yatsa. An gina wasannin nan ne a kan maɓallin da hannu ke ji. A Mario, in ka ɗan taɓa maɓalli sai ya yi gajeren tsalle, in ka danne sai ya yi sama sosai. Gilashin waya kuwa sumul yake. Yatsa na iya zamewa daga inda aka zana maɓallin ba ka sani ba, sai dai ka ga ɗan talikinka a rami.

Sega ta zaɓi ta bar wasan yadda yake, ta zana maɓallai a kan allo. Sonic na farko da aka sabunta a 2013, aikin Christian Whitehead, an faɗaɗa shi ya cika allon waya, a 2017 kuma kamfanin ya fara sakin tsoffin wasanninsa kyauta da talla a ƙarƙashin shirin Sega Forever. Nintendo ta bi wata hanya dabam. A Super Mario Run, da ya fito a iPhone a Disambar 2016 sannan a Android a Maris ɗin 2017, Mario da kansa yake gudu, kai taɓa allo kawai ne naka don ya yi tsalle. Ya dace da waya, babu shakka, amma a ganina wanda aka hana shi tsayawa ya auna rami ya rasa rabin daɗin filatfoma.

Akwai kuma emuleta, manhajar da ke sa waya ta kwaikwayi tsohuwar na'urar gem. Masu Android sun daɗe da ita, Apple kuwa sai a Afrilun 2024 ta amince da irinta a rumbunta, inda wata emuleta mai suna Delta ta yi farin jini nan take. Sai dai a lura, fayilolin wasannin suna da masu haƙƙin mallaka, tsufansu bai mayar da su na kowa ba.

Emuleta takan ba ka damar adana wasa a daidai bakin rami, ka faɗa ka dawo nan take, abin da mai buga Mario da rai uku a 1985 bai samu ba. Masu son ainihin tsallen kuwa hannun gem mai maɓallai suke haɗawa da wayar ta Bluetooth.