Ma'anar Samar da Kalaman Nuni a Kwamfuta

A fagen nazarin harshe da kwamfuta, samar da kalaman nuni yana nufin koya wa na'ura ta tsara yankin suna, wato suna tare da sifofinsa, yadda mai karatu zai gane takamaiman abin da ake nufi. Idan akwai kofuna uku a kan tebur, biyu jajaye ɗaya fari, to "farin kofin" ya wadatar, amma "jan kofin" sai an ƙara masa bayanin girma ko wuri.

Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda Robert Dale da Ehud Reiter suka gabatar a 1995. Na'urar tana bin sifofi ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da aka tsara tun farko, misali launi kafin girma, tana riƙe duk sifar da ta kawar da ko da abu ɗaya mai kama da wanda ake nufi, kuma ba ta komawa baya; haka take ci gaba har sai abu guda ya rage.

Sai dai bambancewa rabin aikin ne, domin mutane sukan cusa sabon labari a cikin yankin suna. A 1985 Douglas Appelt ya nuna haka da tsarinsa na kwamfuta mai suna KAMP: idan aka ce wa yaron bakanike ya ɗauko "sifanar da ke cikin akwatin kayan aiki", an nuna masa wadda ake so, an kuma sanar da shi inda take. Daga baya tsarin ILEX na Jami'ar Edinbura ya riƙa rubuta bayanin kayan ado na gidan tarihi, yana saka labarin maƙeri ko zamanin ƙira a cikin ambaton abin.

A ganina nan ne wahalar take. Tun 1975 masanin falsafar harshe Paul Grice ya yi bayanin cewa mai sauraro yana ɗauka ba a faɗa masa fiye da abin da ake buƙata, saboda haka idan na'ura ta rubuta "sarƙar azurfar" alhali sarƙa ɗaya ce tak a wurin, mai karatu zai iya shiga neman ta zinariya da babu ita. Shi ya sa ake koya mata ta ware ƙarin bayanin da waƙafi, ta rubuta "sarƙar, wadda aka ƙera da azurfa", sannan ta tuna abin da ta riga ta faɗa wa wannan mai karatun don kada ta maimaita masa.