Ride on Time (waƙar Black Box)

Ride on Time waƙar rawa ce ta ƙungiyar Black Box ta ƙasar Italiya, wadda ta fito a shekarar 1989. Ta yi mako shida a matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Birtaniya, kuma ita ce waƙar da aka fi saye a ƙasar a wannan shekarar. Ana yawan ambatonta a matsayin waƙar da ta fito da salon kiɗan rawa na Italiya da ake kira Italo house daga gidajen rawa zuwa kunnen jama'a. Sai dai har yau ba a raba sunanta da rikicin muryar da ke cikinta.

Asali

Mutum uku ne suka haɗa waƙar: Daniele Davoli, mai saka faifai a gidajen rawa, da Mirko Limoni, da Valerio Semplici. Kiɗan nasu ne, mai saurin bugu da fiyano mai ƙara a gaba. Muryar kuwa ba tasu ba ce. Sun yanko ta ne daga Love Sensation, waƙar disko ta 1980 wadda mawaƙiyar Amurka Loleatta Holloway ta rera, Dan Hartman kuma ya rubuta ya shirya ta. Sun gutsuttsura muryar da na'ura, suka jera guntayen a kan bugun ganga, ta yadda kalma ɗaya kan maimaitu kamar mai in'ina kafin muryar ta ɓarke da ƙarfi. Wannan ɓarkewar ce ke tayar da 'yan rawa tsaye.

Sunan waƙar ma daga kuskuren ji ya samo asali. Holloway "right on time" take cewa, wato daidai kan lokaci, su kuwa 'yan Italiyan suka ji "ride", suka rubuta haka. Kamfanin Discomagic ne ya fara fitar da faifan a Italiya, sannan Deconstruction ya fitar da shi a Birtaniya.

Nasara a jadawali

Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a farkon watan Satumba na 1989, inda ta sauke waƙar ƙungiyar Jive Bunny and the Mastermixers, kuma su ɗin ne suka sake karɓar matsayin a watan Oktoba. Ta zo ta ɗaya a ƙasar Ailan, ta kuma shiga sahun goma na farko a ƙasashen Turai da dama.

Rikicin murya

Da waƙar ta yi kasuwa, sai aka buƙaci fuskar da za a nuna a talabijin. Ƙungiyar ta ɗauko Katrin Quinol, 'yar tallan kayan sawa daga Faransa, ta riƙa motsa baki a bidiyo da kuma shirin Top of the Pops na BBC, alhali muryar Holloway ce ke fita. Babu sunan Holloway a jikin faifan, ba a kuma nemi izini kafin a yanki muryar ba. Waɗanda suka san disko na New York ba su ɗauki lokaci ba suka gane mai ita, don murya ce da ba ta ɓuya, irin ta wadda ta taso da waƙar coci a Chicago.

An shiga takaddamar haƙƙin mallaka, daga baya aka sasanta, aka sa sunan Hartman a matsayin marubuci. An sake ɗaukar waƙar da wata murya tun tana kan jadawali, kuma yawancin majiyoyi na cewa Heather Small ce ta rera, wadda daga baya ta yi suna da ƙungiyar M People. Holloway ta sha bayyana ɓacin ranta a hirarraki kan ganin wata tana karɓar tafi da muryarta, kuma tana da gaskiya. Batun nawa aka biya ta, bayanai sun sha bamban.

Abin bai tsaya nan ba. A kundin ƙungiyar mai suna Dreamland na 1990, mawaƙiyar Amurka Martha Wash ce ta rera yawancin waƙoƙin, ita ma ba a sa sunanta ba. Ta kai ƙara, kamfanin faifai na RCA ya sasanta da ita. Holloway kuwa ta samu haƙƙinta ta wata hanyar a 1991, lokacin da 'yan ƙungiyar Marky Mark and the Funky Bunch suka yi amfani da muryarta ta Love Sensation a waƙarsu ta Good Vibrations, da sunanta a jiki, da ita kanta a bidiyo, waƙar kuma ta zo ta ɗaya a Amurka.

Ra'ayin masu sharhi

Masu sharhin kiɗan rawa sun yaba da ƙarfin waƙar da yadda aka ɗinka murya da fiyano, kuma tana yawan fitowa a tarin fitattun waƙoƙin rawa na wancan zamanin. Masu suka sun fi tsayawa kan cewa mafi daɗin abin da ke cikinta aikin Holloway ne. Hartman ya rasu a 1994, Holloway kuma a watan Maris na 2011.