Kuskuren Cewa Tsohon Birnin Kano Ba Shi da Tsari

An dade ana ɗauka cewa tsarin birni shi ne abin da ƙwararru suka zana a takarda, hukuma kuma ta zartar, don haka ake kallon lungunan cikin birnin Kano a matsayin gine-ginen da aka yi barkatai. Wannan fahimta ba daidai ba ce.

Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, ta kewaye filayen noma tare da gidaje, domin jama'a su samu abinci idan abokan gaba suka yi wa garin ƙawanya. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta zama cibiyar da hanyoyi daga ƙofofi ke nufa, masu sana'a kuma suka zauna unguwa-unguwa, kamar marina a Ƙofar Mata. Hatta kududdufai, waɗanda aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, su ne ke tara ruwan damina, kuma cike su da ake yi ana gina shaguna yana cikin dalilan da ke ƙara ambaliya a unguwanni.

Abuja kuwa, wadda aka zana babban tsarinta a 1979 aka kuma mayar da fadar gwamnati cikinta a 1991, tana da faffaɗan tituna, amma yawancin ƙananan ma'aikatanta ba su iya biyan hayar tsakiyarta, sai su kwana a Nyanya, Mararraba ko Suleja, su shafe sa'o'i cikin cunkoson motoci kowace safiya.