Allurar insulin ga mage mai ciwon suga

Ciwon suga a jikin mage cuta ce da suga ke taruwa a jini saboda jikin ya daina samar da isasshen insulin, ko kuma yana samarwa amma jikin ba ya jin sa. Insulin ɗin daga fankiriyas yake fitowa, wata 'yar tsoka ce da ke kwance kusa da tumbi. Na yawancin maguna ya yi kama da nau'i na 2 na mutane, wato mai zuwa da ƙiba da shekaru, shi ya sa an fi ganin sa ga muzurun da aka dandaƙe, wanda ya haura shekara 7 ko 8, yana kwance a falo kullum ba farauta ba hawa katanga. Maganin prednisolone ma in aka daɗe ana ba mage yana iya jawo shi.

Alamomi

Shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yawan fitsari, ga ci kamar me amma tana ramewa. Wani lokaci kiyashi ne ke fara tona asirin ciwon, a ga sun yi dandazo inda ta yi fitsari. In ciwon ya daɗe ƙafafun baya sukan yi rauni har ta riƙa taka ƙasa da dunduniya. Gwajin jini sau ɗaya ba ya isa, don mage in ta tsorata a asibiti suganta kan yi sama ko lafiyarta ƙalau, shi ya sa likitan dabbobi ke haɗawa da gwajin fitsari ko gwajin fructosamine mai nuna yadda sugan ya kasance a sati 2 zuwa 3 da suka wuce.

Tarihi

Tun farko da dabbobi aka gano maganin nan. A 1889 a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire fankiriyas ɗin wani kare, sai karen ya kamu da ciwon suga, daga nan aka gane inda matsalar take. Sai a 1921 Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka tatso sinadarin a Jami'ar Toronto ta Kanada, a ɗakin binciken John Macleod, suka yi ta gwadawa a jikin karnuka. James Collip ne ya tace shi har ya yi kyan da za a yi wa mutum, kuma a watan Janairu 1922 aka yi wa wani yaro ɗan kimanin shekara 14, Leonard Thompson, allura. Ta farko ba ta yi daɗi ba, ta biyu da aka yi bayan kusan sati biyu ita ce ta tashe shi. A 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel, Banting ya raba kuɗinsa da Best, shi kuma Macleod ya raba da Collip.

Shekaru da yawa daga kayan cikin shanu da aladu na mayanka ake haɗa insulin, kuma wannan ya yi wa maguna daɗi ba tare da an nufa ba, domin insulin ɗin jikin mage da na saniya kusan abu ɗaya ne. Matsalar na farkon ita ce ba ya daɗewa a jiki. A wajajen 1936 Hans Christian Hagedorn na Denmark ya haɗa shi da protamine da ake samu a jikin kifi, masu bincike a Toronto suka ƙara masa zinc, aka samu PZI mai daɗewa. Nau'in lente ya biyo baya a farkon shekarun 1950. Da aka fara haɗa insulin irin na mutum ta hanyar ƙwayoyin bakteriya a 1982, na shanu ya riƙa ɓacewa a kasuwa a hankali, masu maguna a Amurka suka shiga wani hali har sai da aka amince da ProZinc, wani nau'in PZI na maguna, a 2009. Shi kuwa glargine, wanda aka fi sani da Lantus, don mutane aka fitar da shi a shekarar 2000, daga baya likitocin dabbobi suka ga yana yi wa mage aiki sosai.

Ire-iren insulin

Waɗanda aka fi ba mage su ne glargine da PZI, saboda jikinta yana saurin cinye insulin, su kuma suna daɗewa. Akwai Caninsulin, a Amurka Vetsulin ake ce masa, ya fi dacewa da kare, kuma daga alade ake haɗa shi, ya kamata mai mage ya san haka tunda da hannunsa zai riƙa taɓawa. A Kaduna wanda za a fi samu shi ne glargine tunda kemis na mutane ne ke sayarwa. Irin su Actrapid da Mixtard da masu ciwon suga ke da su a gida ba a ɗauka a yi wa mage haka kawai.

Adadin farawa

Likitan dabbobi ne ke yanke adadi. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin maguna ta ISFM ta fitar a 2015 ita ce yunit 0.25 zuwa 0.5 a kowane kilo, sau biyu a rana, awa 12 tsakani, kuma da nauyin da ya kamata magen ta kasance ake lissafi ba da ƙibarta ba. A aikace yawanci yunit 1 ne, iyaka 2, komai girman muzurun.

Nan ne mutane suka fi yin kuskure kuma nan ne na fi so a tsaya. Mai mage ya yi allura kwana biyu ya auna ya ga suga har yanzu 350 a ma'aunin mg/dL, hankalinsa ya tashi sai ya ƙara, gobe ma ya ƙara, alhali jikin magen bai ma gama sabawa da adadin farko ba. Ba a ƙara adadi sai an yi aƙalla kwana 5 zuwa 7 a kan wanda ake, wasu likitocin har sati biyu suke jira, kuma ƙarin rabin yunit ne ko yunit 1. Suga mai yawa a hankali yake cin mage, amma insulin in ya yi yawa cikin 'yan awoyi zai iya kashe ta. Ragewa kam ba a jira, da an ga sugan ya faɗi ƙasa da 80 sai a kira likita a rage.

Sirinji

Glargine irin na Lantus yunit 100 ne a kowane mililita, ProZinc da Caninsulin kuma 40. Kowanne da sirinjinsa, na U-100 yawanci murfinsa ruwan lemo ne, na U-40 ja. In aka zuƙi glargine da sirinjin U-40 zuwa layin 2, abin da ya shiga yunit 5 ne, ninki biyu da rabi kenan. A duba rubutun jikin kwalba da na jikin sirinji duk lokacin da aka sayo sabo.

Yin allurar ba wuya. A ajiye mata abinci, tana cikin ci sai a kama fatar gefen haƙarƙari da yatsu biyu a ɗaga ta yi kamar 'yar rumfa, a soka allurar a gindin rumfar a danna, sannan a shafa wurin a ji ko gashin ya jiƙe. In ya jiƙe ko ana shakka ko ta shiga, ba a sakewa, a bari sai lokacin ta gaba. A riƙa canza wuri, yau dama gobe hagu.

Ajiya

A firij ake ajiyewa, tsakanin digiri 2 zuwa 8, amma kar ya daskare, wanda ya zama ƙanƙara ya lalace. Da yawan ɗauke wuta ga zafin Maris da Afrilu, dabarar da masu ciwon suga suka daɗe suna yi ita ce a sa kwalbar a leda a ɗaure a ajiye a sanyin randa, ba ta kai firij ba amma ta fi a bar shi a kan taga. Glargine garau yake kamar ruwa, in ya yi gurɓi-gurɓi a yar. ProZinc mirginawa ake yi a tafin hannu a hankali, Caninsulin kuwa girgizawa ake yi sosai.

Awo da abinci

Ana ɗan soka gefen kunne a samu ɗigon jini a sa a mita, na mutane yakan nuna ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin mage. Ana so mafi ƙarancin sugan yini ya tsaya tsakanin 80 da 150. A ajiye littafi a riƙa rubuta lokaci, adadi, ci da shan ruwa, shi likita zai duba, ko a nan cikin gari ko a asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya. Mage mai cin nama ce, ragowar tuwo da shinkafa da burodi su ke tayar da suga, a koma dafaffen nama da kifi ko abincin gwangwani na maguna, ban da miya don albasa da tafarnuwa guba ne gare ta. In an canza abinci buƙatar insulin kan ragu, sai a ƙara sa ido.

Faɗuwar suga

Alamunta kasala, tangaɗi, rawar jiki, har jijjiga. In tana iya ci a ba ta abinci nan take, in ba ta iya ba a shafa mata zuma a dasashi, kar a ɗura mata komai, sannan a garzaya asibiti. Magen da ta ƙi ci ko take amai, a tambayi likita kafin a yi mata allura.

Lafawar ciwo

Wasu magunan in aka kama ciwon da wuri sukan daina buƙatar insulin, galibi a watannin farko, amma yana iya dawowa. Masu bincike sun saɓa sosai kan yawan waɗanda ke samun haka. Sun kuma saɓa kan abin da ake kira Somogyi, wato suga ya faɗi sannan ya yi tsalle sama.

Maganin sha

Akwai magungunan sha na ciwon sugan mage: Bexacat ya samu amincewa a Amurka a ƙarshen 2022, Senvelgo a 2023. Amurka ta amince da su ne kawai ga magen da ba a taɓa yi wa insulin ba.