Kundin Kammala Digiri a Fannin Tsara Birane a Kano

Kundin kammala digiri bincike ne da ɗalibin jami'a ke gudanarwa shi kaɗai a shekararsa ta ƙarshe, ƙarƙashin kulawar malami guda. A fannin tsara birane da yankuna, wanda karatunsa ke ɗaukar shekara 5 a jami'o'in Najeriya, ɗalibi kan zaɓi wata matsala ta unguwa ko ta gari, ya bi diddiginta, ya ba da shawarar gyara. A Kano, Jami'ar Bayero na cikin wuraren da ake wannan aiki, kuma birnin kansa ne fagen binciken.

Galibi kundin babi biyar ne: gabatarwa, bitar ayyukan magabata, hanyoyin bincike, sakamako, sai shawarwari. Daga nan ɗalibi ya kare aikinsa a gaban malamai.

Abin bincike ba ya yankewa a Kano. Tsarin Trevallion, wato babban tsarin raya birnin Kano wanda aka yi domin shekarun 1963 zuwa 1983, tuni gari ya fi ƙarfinsa. Yau birnin ya mamaye ƙananan hukumomi 8: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A gefen gari aka fi samun filayen awon igiya, inda mai gona ke yanka gonarsa fuloti-fuloti ya sayar ba tare da hannun KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ba. Sai gidaje sun tashi a tarar babu magudanar ruwa, babu filin makaranta ko maƙabarta, lungu kuma ko motar kashe gobara ba ta shiga. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, amma a irin waɗannan unguwanni takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ita ce shaidar da mutane suka riƙe. Wannan giɓi tsakanin doka da abin da ke ƙasa ya cancanci kowane irin nazari.

A cikin badala kuwa maganar kududdufai ce. An haƙa su ne wajen ɗiban ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan damina; da aka cike da yawansu aka yi gini, ruwa ya koma neman hanya ta cikin gidaje. Akwai kuma cin ganuwa, da ƙazantar rafin Jakara, da ruwan masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa, da cunkoson adaidaita sahu tun bayan hana acaɓa a 2013.

Aikin fili shi ne ƙashin bayan kundin. Ɗalibi kan fara da gaida mai unguwa, domin ba a buɗe wa baƙo ƙofa haka kawai. Takardar tambayoyi da Turanci ake rubuta ta, amma da Hausa ake cika ta a zaure ko a bakin shago. A gidajen da namiji ba ya shiga, ɗaliba mace ce ke jin bayanan ruwa da shara daga bakin matan gida, waɗanda su suka fi kowa sanin kuɗin jarkar mai garuwa. Sannan a haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam da taswirar kwamfuta a ga yadda unguwa ta faɗaɗa.

Ɗalibi da aljihunsa yake yin komai, lokaci kuma gajere ne, shi ya sa wasu ke kwafar tsofaffin kundaye, abin da ke kashe amfanin aikin gaba ɗaya. Kundin da aka yi da gaskiya kuwa yakan ƙunshi bayanin lungu-lungu da babu shi a ofishin gwamnati. Abin takaici, yawancinsu a kantar laburaren sashe suke ƙarewa, ba sa isa ga hukuma, ba sa komawa ga unguwar da ta ba da amsoshin.